Fistan Daga Dapaong

"…da gajiyar hanya? Ya mutanen Dapaong? Ya shanu?"

"Shanu lafiya ƙalau, sun ce a gaishe da ɗan'uwansu."

"To ai ga ka nan, sai ka amsa da kanka. Zauna, kada ka tsaya mini a ka."

Haka Malam Abdulƙuddus da Alhaji Wahabu suke gaisawa shekara sittin da ɗoriya, kuma duk wanda ya shiga tsakaninsu don rabo shi ke fita da kunya. Taubasai ne. Mahaifiyar Malam ƙanwar mahaifin Wahabu ce, don haka a al'ada Malam bawa ne, Wahabu ubangida. Duk faɗin Sokode ba mai iya ɗaga wa Malam murya sai wannan dillalin shanun mai ƙaton tumbi.

Sai dai ranar Malam ba wasa ne a ransa ba. Besfarsa ce ba lafiya, shuɗiyar nan 'yar Italiya da ya saya tun kafin a haifa masa ɗan fari. Sati uku ke nan tana kwance a gindin mangwaron ƙofar gida, ciki a buɗe. Ita ke kai shi Tchamba duk Alhamis, inda dattawa goma sha ɗaya, 'yan kasuwa da manoma, suke jiransa da littattafansu. Alhamis uku bai je ba, har ya ji ƙishin-ƙishin ɗin sun fara zancen neman wani malamin. Wannan magana ta tsaya masa a rai ƙwarai, ko tuwo ba ya wuce masa.

Nourou bakanike ya ce fistan ne ya ƙone, wato ƙarfen nan mai kama da ƙaramin kofi da ke kai da kawowa a cikin inji. To kayan Besfa kuwa sun ƙare a Sokode, kowa ya koma babur ɗan Caina. Sai Dapaong, wurin wani tsoho Lamboni da ya tara matattun Besfa a bayan gidansa. Aka naɗe ƙonannen fistan a tsumma don samfur, aka ba direba ya kai wa Wahabu da ke zaune can. Yau Talata da hantsi, ga Wahabu ya iso.

"Ina saƙona?"

"Bawa, haka ake tarbar ubangida? Ba ruwa, ba goro, sai ina saƙona?"

"Ruwa na randa, ƙafarka kuma ba ta karye ba. Miƙo."

Wahabu ya zaro ƙunshi daga jaka, ya miƙa da hannu biyu yana wani yauƙi. Malam ya kwance, ya auna abin a tafin hannu, ya zagaya bakinsa da babban yatsa. Nan take fuskarsa ta canza.

"Wahabu, mene ne wannan?"

"Fistan."

"Na wa? Na injin niƙa?"

"Na Besfa mana, ɗan Italiya tsantsa. Ji nauyi!"

"Nauyin na ji! Wannan ko da taɓarya aka daka shi ba zai shiga injina ba. Ina samfurin da na aiko maka?"

"Wannan ramammen? Na bar wa Lamboni ya ba kaji su yi wasa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Ka daina salati kamar an yi mutuwa, ka saurara. Lamboni ya zube mini guda uku a kan buhu. Biyu ramammu irin naka, abin tausayi, ɗaya kuwa ƙosasshe, sai sheƙi yake. Shekara arba'in ina cin kasuwar kara, ban taɓa barin ƙosasshe na ɗauki ramamme ba. Na ɗaga shi, na juya, na duba haƙoransa…"

"Fistan ba shi da haƙori!"

"Shi ya sa na ce yaro ne, zai yi ƙarko."

Kai jama'a! Malam ya cire hula, ya dube ta, ya mayar. Mutumin da ake yi wa shaidar haƙuri a masallaci, yau ga shi jijiyar wuyansa ta tashi raɗa-raɗa.

"Wahabu, don me ake aika samfur? Ko 'yar talla ta san wannan. A ɗora sabo a kan tsoho, baki da baki, in sun yi daidai a ɗauka. Shi ke nan aikin! Ba a ce ka taya ba, ba a ce ka shafa tozo ba."

"In irin tsohon kake so sak, me ya hana ka riƙe tsohon?"

"Ya ƙone!"

"To ka gani? Irinsu ba su da jini. Ni na kawo maka mai lafiya kana zagina. Ka san wuyar da na sha kuwa? Duk masu piyes na Dapaong, 'yan kayan gyaran babura, sai da na zaga. Ɗaya ya ce in je gidan tarihi. Ɗaya ya ce kakansa ya taɓa ba shi labarin irin wannan babur. Har Cinkase bakin iyaka na je, na shiga tsakanin tireloli, wani ɗan duwan, wato kwastan, ya tsare ni yana tambaya ko harsashin igwa na ɗauko. Da na isa gidan Lamboni kuwa, kaza na tarar ta yi ƙwai a cikin wata Besfa, sai da muka ba ta haƙuri ta tashi."

"Da kazar ka aiko, da ta fi ka zaɓe."

"Ba abin tashin hankali ba ne. A kai wa maƙeri ya rage masa ƙiba."

"Maƙeri! Fartanya ce?"

"To a ba Besfar dusa da kanwa, sati biyu cikinta zai buɗe."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, tare da bayina. Ko kuwa ka sayar wa masu gwangwan, in ba ka jaki. Ina da wani a garin Naki, shi ma sai an tura yake tashi, ba za ka ji bambanci ba."

"Kada ka ƙara haɗa Besfata da jaki! Wannan da kake gani ta hau dutsen Aledjo da ni da buhun masara, ko tari ba ta yi ba. 'Yan Cainan nan naku shekara biyu sun zama kwandon shara. Ita kuwa tun kana da gashi a ka take aiki."

"Ni dai tun da na san ta, rabin tafiya kai kake hawanta, rabi ita take hawanka."

Malam ya dangwarar da ƙosasshen fistan a kan tabarma. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka, kuma ba zolaya a cikinta.

"Jibi Alhamis, Wahabu. Ta huɗu. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa fashin biyu a jere ba. In suka zaunar da wani a kan buzuna, me ya rage mini? In zauna a gindin mangwaro ina korar ƙuda? Abu ɗaya na roƙe ka a duniya, ɗaya tak, ka je ka yi mini cinikin shanu da shi."

Wahabu bai yi dariya ba. Ya ɓare goro, ya jefa rabi a baki, ya ɗan tauna.

"Lamboni ya faɗa mini wata magana da ya ga samfurinka."

"Me ya ce?"

"Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, 'Alaji, wannan Besfa ba tsufa ya kashe shi ba. Mai shi ya kashe shi da ƙishi. Bai sha baƙin mai ba.'"

Irin waɗannan tsofaffin Besfa ba sa shan fetur tsura. Duk sanda aka zuba, sai an bi shi da baƙin mai a cikin tanki, in ba haka ba inji ya bushe ya ƙone. Malam kuwa bai taɓa yarda wani ya yi masa wannan haɗin ba, da hannunsa yake aunawa da murfin kwalba.

"Ƙarya yake! Na zuba. Murfi biyu, kamar kullum."

"Ka zuba wani abu dai. Na buga wa Nourou waya. Ya yi ta noƙe-noƙe, wai ka sa shi ya rantse. Na ce rantsuwar bawa ba ta hawa kan ubangida. Ya ce da ya kwance kafireta, inda fetur ke bi, ƙaro ya tarar a ciki da baƙin tukunya." Wahabu ya nuna tagar zaure da haɓa, inda kwalabe biyu iri ɗaya suke tsaye gefe da gefe. "Tawada ka ɗura mata, Malam. Ni har na ce a ba ta allo, tunda ta sha wannan ai ta kusa fara rubutu."

Malam ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya biyo baya, don abin da ya shekara yana ɓoyewa ne aka tone a tsakar rana. Tun bara wani hazo ya sauka a idonsa. Karatu bai tona shi ba, littattafan suna kansa, buɗewa kawai yake yi don idon mutane. Hanyar Tchamba kuwa da ramukanta yake gane ta. Ko iyalinsa bai faɗa wa ba, saboda ya san daga ranar da ya faɗa za a raba shi da makullin Besfa, a kai shi inda ake sa wa mutum wuƙa a ido.

"Kuskure ne. Asuba ce, gari bai waye sosai ba."

"Nourou ya ce bayan azahar ne."

"Nourou munafuki ne, kai kuma shugabansu!"

"Na karɓa." Wahabu ya sa hannu a aljihun 'yar ciki, ya fito da wani ƙunshi ƙarami, ya ɗora wa Malam a hannu. "Shafa wannan."

Malam ya zagaya bakinsa da yatsa sau ɗaya. Shi ne! Daidai wa daida, har da ringinsa. Kafin ya rufe hannu Wahabu ya fizge abinsa.

"Ɗan banza! Ashe yana wurinka ka bar ni ina ta haƙilo?"

"Baki da baki na auna shi da samfurinka, har sau uku. Ka ɗauka ni sakarai ne? Ƙosasshen na janareto ne, aronsa na yi don in ga ko kana da sauran numfashin faɗa."

"Ba ni kayana."

"Sai ka ci jarrabawa. Zan ajiye su can bakin tabarma, taku huɗu, naka da ƙosasshen. Ba taɓawa. Nuna naka da yatsa kawai. In ka dace, yanzu zan kira Nourou ya ɗaura, jibi ka hau abinka, ni kuma bakina alaikum. In ka kuskure, makulli ya dawo hannuna, mu tafi Dapaong lopital, asibitin da aka cire mini yanar ido bara."

"Ni za ka yi wa jarrabawa? Ni da nake yi wa mutane?"

"Tsoro kake ji, bawa?"

"Ajiye!"

Wahabu ya juya baya, ya yi 'yan motse-motsensa, ya koma gefe. Malam ya ƙura ido. Abu biyu yake gani, toka-toka, suna rawa a cikin hazo. Ya ƙanƙance ido har hawaye ya taru. Na hagu ya fi ƙanƙanta, wannan kam ba shakka.

"Na hagu."

"Ka tabbata?"

"Shekara arba'in ina tare da ita, zan kasa gane kayan cikinta? Na hagu!"

Wahabu ya ɗauko na hagun ya sa masa a hannu. Ba nauyi. Gwangwanin tumatir ne, wanda Nourou ke tara kusoshi a ciki. Fistan ɗin na gaske bai ma bar aljihun Wahabu ba.

"Ha'inci ka yi!"

"Na yi, ban musa ba. Amma taku huɗu ne, Malam, da rana tsaka. In yaro ya gitta maka a hanyar Tchamba, shi ma sai ka shafa shi za ka gane?"

Malam ya yi ta juya gwangwanin. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza, dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da hawaye, har ya dafa tabarma.

"Gwangwanin tumatir! Allah ya isa tsakanina da kai, Wahabu."

"Jibi tare za mu shiga motar haya mu je Tchamba, ka faɗa wa dattawan nan gaskiya da bakinka. Wanda ya bi ka shekara talatin ba zai kasa jiran wata ɗaya ba. Kafin mu dawo daga Dapaong Nourou ya tashe ta, ka same ta tana jiranka."

Malam ya share ido da bakin rawani. Sai ya yi tambaya a hankali, yadda ko mai wucewa ba zai ji ba.

"Da zafi?"

"Ni dai ihun da na yi sai da masu gadi suka shigo a guje, alhali ko taɓa ni ba a yi ba tukuna. Aikin kansa kuwa ban ma san an gama ba."

"To ka ji sharaɗina. Ranar da za a kwance mini bandejin ido, kada ka tsaya a gabana. Ba zan sha wannan wuya ba don in fara da ganin mummunar fuskarka."

"Ni zan tsaya kuwa, daf da hancinka. Wa kake da shi da zai tsaya in ba ni ba?"

Malam ya laluba aljihu, ya ciro makullin da igiyar fatarsa da ta yi baƙi don tsufa, ya miƙa. Hannunsa ya ɗan kauce, wajen da ya miƙa ba kowa. Wahabu ya matsar da tafin hannunsa a hankali zuwa ƙarƙashin makullin, Malam ya saki.