Ranar da Na Ɗora Kakana a Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar nan ba, ko da yake Allah Ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Ita ce ranar da na ɗauki kakana, tsoho mai sabon ɗinki a ƙirji, na ɗora shi a jirgin yaƙi a gaban mutum kusan ɗari, alhali bawan Allahn nan bai taɓa tuƙa jirgi ba a rayuwarsa.

A Makka aka haife ni, a unguwar Rusaifa na tashi, a gidan kakana na wajen uwa. Sidi muke ce masa, yadda 'yan Makka suke kiran kaka. Shi kuwa Amarya yake ce mini tun ina rarrafe, wasan jika da kaka da iyayensa suka taho da shi daga Kano ba su yar a hanya ba. A bangon falonsa akwai wani hoto da ya fara ja don tsufa: Sidi yana saurayi, cikin kakin sojan sama, ya dafa fiffiken jirgi yana wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ta yanzu ba. A cikin kabad kuma akwai abin sawa a kunne mai baƙar fata, irin na masu magana ta rediyo, wanda ba a yarda mu taɓa ba. Sannan akwai wata ɗabi'a tasa. Mu a Makka samanmu na tantabaru ne, ba mu saba da ƙarar jirgi ba. Amma duk ranar da muka je Jidda jirgi ya ratsa ta kanmu, sai Sidi ya katse maganarsa, ya rufe ido, ya karkata kai har ƙarar ta ɓace.

Da waɗannan ukun na gina wa kakana tarihi cikakke. Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya, ni da nake ganin komai a fili? (Ni ce yarinyar nan da ake aike ta sayo burodi ta dawo da labarin magen da ta gani a hanya, babu burodin.) Na girma, na shiga jami'a ina karatun adabin Larabci, na cika littattafai da waƙoƙi, amma ko sau ɗaya ban zauna na ce, “Sidi, wane aiki ka yi?” ba. Shi kuma ba mai yawan zancen baya ba ne.

A shekarar da na gama karatu aka yi masa aikin zuciya. Da Allah Ya tashi kafaɗunsa, kawunnaina suka ce a yi walimar godiya. Aka kama istiraha a hanyar Jidda, wato irin gidajen nan masu fili da ake haya don taron dangi, aka sa rana bayan sallar Juma'a. Aka gayyato dangi daga unguwannin Misfala da Shisha, aka kuma nemo tsofaffin abokan aikinsa, waɗansu har daga Ɗa'if. Ni kuwa na rufe ɗaki mako biyu ina rubuta masa waƙa. Na ɓoye wa kowa, har Ummi mahaifiyata, don ina so ya zama abin mamaki. Ya kuwa zama.

Da Larabci na rubuta ta, don kada baƙi su rasa ko baiti ɗaya. Da na yi ta da Hausa, da rabin mutanen wurin ba su san me na ce ba. Amma a'a, ni mai son kowa ya amfana ce.

Wanda ya san istiraha ya san yadda take: maza a nasu ɓangaren, mata a nasu, katanga a tsakani. An haɗa lasifika ɓangare biyun, don idan liman ya yi addu'a mu ji mu ce amin. Bayan an ci shinkafa da rago, an zagaya da tsiren nan namu da Larabawa suke ce wa siriya, sai na roƙi a ba ni makirufon mata. Aka sanar a wajen maza cewa jikar Abu Salihu (sunan da abokansa suke kiransa ke nan) tana da 'yan kalmomi.

Na miƙe, na fara. Ga ma'anar farkonta, don ku ji girman abin:

“Ya kai gaggafar da ta saba da gajimare,
wanda taurari suka san takunsa,
ka ratsa duhu da fiffiken ƙarfe,
ka sauke tsawa, ƙasa ta girgiza.”

Baiti ashirin da huɗu ne, kuma babu wanda Sidi bai tashi sama a cikinsa ba. Na sa shi ya kifar da jirgi ya miƙe. Na sa harsasai sun bi ta gefen kunnensa. Wajen baiti na shida na ji ana jan gefen abayata. Gwaggo Rabi ce, ƙanwar Sidi, tana cewa ƙasa-ƙasa, “Ke, halas, ya isa. Zauna.” Na ɗauka kuka take so ta yi, waƙar ta taɓa ta. Sai na ƙara ɗaga murya. Na hango Ummi ta sunkuyar da kai ta rufe fuska da mayafi, na ce a raina: kai, yau na gama da su.

Na kai ƙarshe. Waɗansu maƙwabta da ba su san komai ba suka rangaɗa guɗa. Daga bayan katanga kuwa, shiru. Ba irin shirun da ake yi wa waƙa mai daɗi ba. Ina jin ƙarar kofunan shayi, ina jin wani yana gyaran murya. Makirufon maza a buɗe yake, ba wanda ya tuna ya kashe.

Sai wani tsoho ya yi dariya, ya ce da Larabci, “Ya Abu Salihu, yaushe ka tashi ba ka ɗauke mu ba? Shekara ashirin muna ɗaki ɗaya da kai muna shan zafi, ashe kai kana sama.”

Aka fashe da dariya. Wani ya ce, “Ka bar shi, kowa da abin da yake gaya wa jikokinsa. Ni nawa sun ɗauka janar ne.”

Wasa suke yi, na sani, wasan tsofaffin abokai. Da a nan ya tsaya, da yau ni ma ina ba da labarin ina dariya. Amma sai na ji muryar Sidi, siririya, numfashi na katse ta, kuma da Hausa, harshen da ba ya yi a gaban waɗannan mutanen:

“Ban taɓa gaya mata haka ba. Wallahi ban taɓa ba.”

Ya sake faɗa da Larabci. Kakana, wanda ban taɓa jin ya yi rantsuwa a kan komai ba, yana rantsuwa a gaban abokansa cewa shi ba maƙaryaci ba ne. A ranar walimarsa. Saboda ni.

Na tsaya da makirufo a hannu kamar an dasa ni. Ya kamata in ce, “Gaskiya ne, ni na ƙaga.” Kalma huɗu ko biyar, ga abin magana a bakina. Ban ce ba. Na ajiye shi na gudu banɗaki, na zauna can har aka fara naɗe shimfiɗu. (Waƙa ta baiti ashirin da huɗu ta fito mini ba gargada, jumla ɗaya ta gaskiya ta gagare ni.)

A mota Gwaggo Rabi ba ta raga mini ba. “Ke da karatunki duka, ba ki san kakanki a rada, na'urar hango jirgi daga ƙasa, ya yi aiki ba? Yaro na goye a gidan nan ya sani.” Sannan ta ƙara abin da ya fi duka ciwo. Tuƙin jirgin shi ne burinsa tun yana yaro. Ya ci kowace jarrabawa, likitan ido ya mayar da shi. Hoton nan na bango an ɗauke shi ne mako guda kafin a gaya masa. “Shekara hamsin ba mai tayar masa da zancen. Sai ke, da lasifika.”

Kwana tara Sidi bai ce mini Amarya ba. Ba ya fushi, ba ya faɗa. Idan na gaishe shi sai ya ce, “Lafiya lau, ya binti,” wato “yarinyata” da Larabci, kamar 'yar maƙwabta. Ya sa aka sauke hoton. Inda yake a bango ya bar wani farin murabba'i, ni kuwa duk inda na zauna a falon sai idona ya faɗa kansa.

A rana ta goma, bayan la'asar, na kai masa shayi da dabino a faranti. Na durƙusa na kasa tashi. Na ce, “Sidi, wane aiki ka yi?”

Ya dube ni ya daɗe. “Yanzu kika ga damar tambaya?”

“Yanzu, Sidi.”

Ya ci dabino biyu, ya riƙe ƙwallayen a tafin hannu, sannan ya fara. Ya ce su 'yan ƙalilan ne, a wani fili can cikin sahara, cikin wani ɗakin ƙarfe mai taya da ake ja da mota daga wuri zuwa wuri. A kan ɗakin akwai faifan rada yana bin jirgi. A ciki akwai tebur da babbar takarda, da alƙalami mai tafiya da kansa yana zana hanyar da jirgin yake bi. Matuƙa masu koyon jefa bom za su taso daga nesa su nufo wurin da aka ce su jefa. Amma ba bom ɗin da yake faɗowa. Idan matuƙi ya kusa, sai ya kunna wata ƙara siririya a rediyo, Sidi yana sauraro da abin kunnen nan. Daidai lokacin da matuƙin ya danna, wai ya saki bom, sai ƙarar ta ɗauke.

“A wannan shirun aikina yake,” in ji shi. “Ƙara na ɗaukewa in ɗiga alama a takarda. Sai mu duba tsayinsa, da gudunsa, da iska, mu auna inda bom ɗin zai faɗa da na gaske ne. Mu gaya masa: ka kauce da kaza, ta gabas. Yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Amma na san mai gaggawa, na san matsoraci, na san wanda bai yi barci ba.”

Ya ce da farko baƙi ne suka koya musu aikin, suka tafi suka bar musu ɗakin. Suka riƙe shi shekaru, har na'urori suka zo masu yin lissafin da kansu. Aka rufe rundunar, aka rarraba su ofisoshi, ɗakin ƙarfen ya tafi wajen masu sayen tsohon ƙarfe. Ba wanda ya rubuta ko shafi ɗaya a kansu.

“Kin san abin da ya sa matuƙa suke girmama mu? Ba mu taɓa ƙara wa kowa ko taku ɗaya ba. Ko ɗan wane ne, abin da takarda ta nuna shi za mu faɗa. Abin da nake da shi ke nan a wajen mutanen nan, ya binti. Ban tashi sama ba, amma ba na ƙari.”

Na fara kuka. Bai lallashe ni ba. Sai ya ɗauki ƙwallon dabino ɗaya ya ajiye a tsakiyar farantin. “Nan nake.” Ya ɗauki na biyun, ya wuce bakin farantin, ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya ajiye shi can a kan kafet. “Nan waƙarki ta faɗa.”

“Da nisa haka, Sidi?”

“Don hannuna bai kai ƙofa ba ne.” Gefen bakinsa ya ɗan motsa. “Amma muryar ba laifi. A wajenmu wanda ya kauce ba a korarsa, gobe yake sake tasowa. Ki sake, Amarya.”

Na yi alkawarin zan sake. Na sayi sabon littafi. Na kira tsohon nan da ya fara dariyar a waya, ta hannun kawuna, na gaya masa ni na ƙaga komai. Ya ce ai sun sani, wasa ne. Wataƙila gaskiya ne, amma a waya na faɗa, ga mutum ɗaya, ɓarnar kuwa da lasifika na yi ta. Daga nan na zauna neman kalmomin da suka dace da ɗakin ƙarfe da alƙalami da shiru. Na rubuta na goge, na ce sai ta yi kyau tukuna. Halina bai bar ni ba. Ina cikin gyaran baiti na uku, wata huɗu bayan walimar, zuciyar Sidi ta tsaya. Aka yi masa salla a Harami, maza suka tafi da shi, mu muka dawo falon da farin murabba'in nan.

Abin kunnen yana wajena yanzu, Gwaggo Rabi ce ta ba ni. Wani lokaci nakan sa shi, ba a jin komai a ciki. Waƙar ta biyu har yau ba ta ƙare ba, shi ya sa na rubuta wannan a haka, ba ado, ko Allah Ya sa ta faɗa cikin farantin.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, kowane yaro ya san shi, ni ce sai da na yi digiri tukuna: kafin ka yabi mutum, ka tambaye shi ko shi wane ne. Kuma idan tsohuwa ta ja gefen abayarki kina tsakiyar baiti, ba kuka take so ta yi ba. Ki zauna.