Tafkin da Nomau Ya Haƙa a Kan Fa

A garinmu, Gindin Tsauni, akwai wani gida a ƙarshen gari ta gabas, daidai inda ƙasa ta ƙare dutse ya fara. Mutum biyu ne a cikinsa, sai jaki ɗaya. Akwai Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe. Akwai kuma ɗanta Nomau, taubashina, ƙato mai faɗin kafaɗa. Furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma har yau "yaron nan" take ce masa, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Nomau ba ya ƙarya, ba ya gardama, ba ya gajiya. Aibinsa guda ne: abin da ka faɗa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Gwaggo takan ce, "In za ka aiki yaron nan, ka haɗa masa da dawowa, in ba haka ba can zai tsaya."

Ni kuwa ƙafata ce ba ta zama. Na yi shekaru a kudu, na yi dako, na yi gadi, na yi acaɓa, har na ɗan taɓa aiki a wata gonar da ake kiwon tarwaɗa. Da na dawo gida ko mako ban cika ba na fara leƙen hanya. Gwaggo ta lura.

Ta ce, "Sallau, me zai zaunar da kai ne? Ni dai ƙarfina ya ƙare, ba na so ka ji labarina a bakin 'yan mota."

Na ce, "Ki ba ni lambun bayan gida in haƙa tafkin kifi. In ya riƙe ruwa, na zauna. In bai riƙe ba, na kama hanya, kada ki ce komai."

Ta ce, "A kan dutsen? To, na ji. Ga ɗan'uwanka nan, ga lambu."

Wata rana da sassafe na kai Nomau lambu, na miƙa masa diga da shebur. Na ce, "Haƙa nan, har ramin ya kai maka ƙirji." Na wuce wajen mai shayi, hira ta ɗauke ni. Da na dawo ban ga tafki ba. Kan Nomau da kafaɗunsa kawai na gani a tsakiyar lambu, kamar an dasa shi, kaji na kiwo kewaye da shi. Ya haƙa rami daidai faɗin jikinsa, ya shige.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Sallau. Ya kai."

Na ce, "Kai, Nomau! Kifi nawa za su zauna a nan?"

"Ba ka ce kifi ba. Ƙirjina ka ce."

"To, fito."

"Ni ma na so hakan tun ɗazu."

Sai da muka ɗaura masa igiya a hammata, ni da jaki muka ja, sannan ya fito kamar rogo. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma da na leƙa ramin, sai na ga abin mamaki. Tsakuwa ce da marmara tun daga sama har ƙasa, irin wadda diga ke tartsatsi a kanta, shi kaɗai ya huda ta kafin rana ta karkata.

Daga nan na koyi kafa turaku da ja igiya. Aiki ya yi ta tafiya, rami ya buɗe, har muka ci karo da fa, wani shimfiɗeɗɗen baƙin dutse da ya kwanta a tsakiya. Wani tsoho da ya yi haƙar rijiya a zamaninsa ya ce a hura masa wuta, in ya gasu a kwara masa ruwan sanyi, zai tsage.

Wata rana muka tara itace a kan fa, muka kunna. Sai ga abokaina za su kallon dambe a wani ƙauye. Na ce, "Nomau, kada ka bar wutar nan ta mutu sai na dawo." Nufina kafin magariba. Amma dambe ya yi daɗi, daga can muka zarce biki, daga biki muka faɗa cin kasuwa. Da na dawo bayan 'yan kwanaki, tun daga nesa na hango cikin gidanmu fili, don babu danga. Nomau ya ƙone itacen Gwaggo na damina. Ya ƙone dangar. Ya ƙone rumfar jaki, da turmin da ya tsage, da gadon karan da yake kwana a kai. Na same shi zaune, idanu jawur, yana juya muciya a hannu yana dubanta.

Gwaggo ta ce, "Gara da ka zo. Saura muciyata da ƙofar ɗakina."

Na ce, "Ba ki hana shi ba?"

"Na hana. Ya ce ba ni na kunna ba."

Muka kwara ruwa. Dutsen ya yi wata ƙara da ta sa jaki ya tsinke igiya, sannan dutsen ya dare gida-gida kamar an sara kabewa. Tsohon nan ya zo ya duba, ya riƙe baki, ya ce shi dai bai taɓa ganin an gasa fa haka ba.

Wata rana na ga ɓaraguzan dutse sun cika lambu, ko'ina ka taka sai tuntuɓe. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kwashe duwatsun nan ka kai su inda idona ba zai ƙara ganinsu ba." Na fita yawona. Da na dawo lambu fes, kamar an share. Na yaba masa. Na je zan shiga ɗakina in canza riga, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Na leƙa ta taga: duwatsu ne jere har kusa da rufi, manya a ƙasa, ƙanana a sama, katifata a can bisa.

Na yi ihu, "Nomau! Ɗakina?"

Ya ce, "Na yi tunani sosai, Sallau. Bayan gari kana zuwa. Bakin rafi kana zuwa. Tasha kullum kana can. Duk garin nan ɗakinka ne kaɗai ban taɓa ganin ka zauna a ciki ba."

Gwaggo tana tankaɗe a gindin murhu, ba ta ɗago ba, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, yaron nan."

Kafin damina ta faɗi mun gama. Muka yi ta jido yumɓu daga fadama a kan jaki, muka shafe ramin da hannu, ciki da gefe. Ruwan farko ya sauka, tafki ya cika, yara suka zo kallo. Washegari ya koma rabi. Kafin jibi sai ɗan abin da ya kwanta a tsakiya. Yumɓun ya daddare, ruwa ya bi tsagar dutse ya tafi abinsa. Muka sake shafewa, aka sake ruwa, ya sake zurarewa. Mutanen gari suka sa wa wurin suna Rariyar Sallau.

Na shiga gida na ce, "Gwaggo, kin gani da idonki. Ranar kasuwa zan bi mota."

Ba ta ce komai ba, kamar yadda muka yi. Ta dai daɗe tana hura wutar da ta riga ta kama.

Wata rana, ana saura 'yan kwanaki kasuwa ta ci, Nomau ya same ni ina wankin tafiya. Ya ce, "Sauran ruwan da ke ciki fa?" Na ce, cikin fushi, "Kira shanun gari su shanye. Kada ka bar su sai sun shanye shi tas." Ban ƙara bi ta lambu ba.

Ashe Nomau ya je wajen Ja'e, Bafulatanin da ke kiwon shanun gari, ya kora garken gaba ɗaya. Bai tsayar da su a baki ba, cikin ramin ya tura su, ya tsaya a mafita da sanda. Shanu suka sha iya cikinsu, suka ƙoshi, suka nemi fita, ya mayar da su. Suka yi ta zagaye suna kirɓa laka, suna kashi, suna sake kirɓawa. Da yamma Ja'e ya ƙwaci shanunsa da kyar. Aka yi ruwa, Nomau ya sake koro su da safe. Haka kullum. Ja'e ya zo har ƙofar gida yana faɗa, yana cewa shanunsa ba tulu ba ne. Na ba shi haƙuri ban ko tambayi ba'asi ba, don hankalina ya riga ya hau hanya.

Ranar kasuwa ina cikin mota, jaka a cinya, ana jiran mutum biyu a cika, sai ga Nomau. Laka tun daga ƙafa har gira. Ya kama ƙarfen taga, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Sallau, ka yafe mini. Na kasa."

"Ka kasa me?"

"Ruwan. Ya ƙi ƙarewa. Da can shi da kansa yake tafiya, yanzu ya tsaya cak a wurin. Shanu sun sha har sun fara hararata. Yau ma ya fi na jiya yawa."

Na ce wa direba ya ba ni minti kaɗan. Muka tafi da gudu. Tafki na nan cike, jajawur, yana wari, ƙwari na yawo a kansa. Na naɗe wando na shiga, na taka ƙasan. Babu tsaga, babu taushi. Kofatan shanu sun cusa yumɓu da kashi cikin kowace kafa ta dutsen, sun daddale shi kamar daɓen da mata suka wuni suna yi wa waƙa. Abin da hannuwanmu suka kasa ke nan.

Na tsaya cikin ruwa ina kallon Nomau, shi kuma yana sunkuyar da kai, yana jiran faɗa.

Ya ce, "In ƙaro na ƙauyen gaba? Nasu sun fi ƙishi."

Na ce, "A'a! Don Allah, a'a. Kada saniya ta ƙara taka nan."

Daga tasha muka ji direba yana ta danna oda. Gwaggo ta fito ta inda danga take a da, tana dogara sanda. Ta dubi ruwan, ta dube ni, sannan ta sunkuya ta ɗauki jakata da na yar a bakin tafki, ta karkaɗe ta.

Na ce, "Gwaggo, ai ba ni na yi ba. Kuskure ne ma."

Ta ce, "Ka ce in ya riƙe ruwa ka zauna. Ba ka ce wa zai sa ya riƙe ba. A gidan nan kuwa abin da mutum ya faɗa shi ake yi." Ta miƙa wa Nomau jakar. "Yaron nan, kai masa ɗaki. Ka ajiye, ka dawo."