Yadda Na Sa Aka Saya wa Kwantirola Fanka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da satina na uku a wata kwalejin kuɗi da ke Daura. An ɗauke ni gwajin wata uku in kula da intanet. In na yi abin kirki a tabbatar da ni, in ban yi ba in koma Baure in ci gaba da taya Baba noman gero. Tun ranar farko malamai suka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa na amsa har da gyara wuyan riga.

Akwai ƙananan akwatunan waifai a kowane gini, sai babbar na'ura ɗaya a ofishina, kwantirola, mai ba su umarni. Kowane akwati yana da shafinsa a cikinta, sannan ga shafin saitin gama-gari, wanda in ka taɓa shi ka taɓa makarantar gaba ɗaya. (Na san da wannan a takarda, hannuna ne bai sani ba.)

Ran Litinin limamin makaranta, Malam Sani, ya tare ni. "Injiniya, ɗaliban nan sun mai da barandar masallaci wurin latsa waya. Ana ta da sallah suna kallon bidiyo. Ba wata dabara?"

"Ƙaramin aiki ne, Malam," na ce. Na koma ofis na saita waifai ya riƙa ɗaukewa daga ƙarfe biyu zuwa biyu da rabi, lokacin Azahar. Ban ko ɗaga ido na duba a wane shafi nake ba. Ashe a gama-gari na yi aika-aikar.

Tun daga ranar, biyu na yi sai intanet ɗin makaranta kaf ya mutu, ni kuma ina sahu a masallaci. Kafin in dawo an cika ƙofata da ƙorafi. Sai in shiga in girgiza wayoyi, in ɗan hura na'ura, biyu da rabi ta cika, komai ya dawo. A yi ta cewa, "Kai, yaron nan akwai kai!" Wallahi har ni na yarda ni nake gyarawa.

Rana ta biyu shugaban makaranta ya kira ni, ransa a ɓace, don abin ya katse masa tura sunayen masu jarrabawa. Ya tambayi dalili. Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara murya: "Ranka ya daɗe, zafin rana ne. Ƙarfe biyu na'urar take galabaita." Bawan Allah ya aika kasuwa aka sayo sabuwar fanka. Ni ina zufa, kwantirola tana shan iska, matsala tana nan daram.

Ran Alhamis aka yi taron ma'aikata. Na miƙe ina zuba Turanci a kan zafi, alhali na san aikina na lilo. Sai Hajiya Binta, dattijuwar da ke buga takardu, ta ɗaga hannu.

"Ɗan nan, ni dai ban yi bokon na'ura ba. Amma ina zaune a ofis nake gani. Ana ta da iƙama yake tafiya, kuna fitowa yake dawowa. Intanet ɗin nan naka ya fi wasunmu kiyaye jam'i."

Kafin dariya ta lafa, Malam Sani ya ce da zuciya ɗaya, "Af, ai ni na roƙi Injiniya ya kashe na masallaci. Allah ya saka masa, baranda ta yi tsit."

Kowa ya juyo ya zuba mini ido. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne zafin ranar."

Shugaba ya yi dariya har da share hawaye. "Tun da ka faɗa da bakinka, je ka gyara." Minti uku ya ɗauke ni na mai da saitin kan akwatin masallaci kaɗai. Da wata uku suka cika, aka ba ni takardar tabbatarwa, na karɓa da hannu biyu.

Yanzu kafin in danna komai sai na karanta saman shafi sau uku. In kuma aka tambaye ni abin da ban gano ba, na koyi cewa "ban sani ba tukuna". Da ɗaci a baki, amma har yau ba a taɓa yi mini dariya a taro saboda ita ba.