Katangar Gwamnati Mai Giya Biyar

Motar Kawu ta tashi ranar Talata da ƙarfe goma da kwata na safe, bayan shekara goma sha tara tana kwance a ƙofar gidanmu. Ta yi tafiyar taku goma sha ɗaya. Kafin ta cika na goma sha biyu, wani mutum mai jakar takardu ya sha gabanta ya ɗaga hannu, ya sanar da mu cewa muna shirin gudu da aikin gwamnati.

Ga wanda bai san ta ba, gingimari ce mai dogon hanci da bodin katako, ta girme ni da shekara biyu. Kawu, wan mahaifiyata, ya ja ta shekara talatin yana dakon hatsi da siminti, har ranar da ta yi tari sau uku ta mutu a bakin kwarin da ruwa ya ƙwaƙule a gefen layinmu. Nan ta zauna. Kaji suka mai da ƙarƙashin kujerarta wurin saka ƙwai, mata suka mai da bodin wurin shanya.

Bara likita ya gaya wa Kawu cewa idonsa na tafiya. Lasinsa na tuƙi zai ƙare a ƙarshen watan nan, kuma babu mai sabunta lasi ga mutumin da ya fara yi wa turken lantarki sallama. Abu ɗaya ya roƙa, ya ja motarsa da hannunsa zuwa gada ya dawo. Kilomita biyu zuwa, biyu dawowa.

Wata goma sha huɗu muka yi muna gyara, ni da bakanikenmu da kowa ke kira Sifana. Aljihuna na ɗan jarida ne, saboda haka ba mu taka shagon sabbin kaya ba ko da kuskure. Lagireto na wani mataccen janareton gidan burodi ne. Tayoyi shida daga gidaje shida suka fito, babu biyun da suka san juna. Kujerar direba ta mai aski ce, sai da aka yi mata walda don ta daina juyawa. Fitila ɗaya na kallon hanya, ɗayar na kallon sama, Sifana ya ce wannan ta addu'a ce. Maiɗakina har yau tana cigiyar tiyon wankinta. Yana cikin injin, kuma yana aiki.

Mai ne ya so ya gagare mu. Na kai jarka gidan mai, aka ce ba a zubawa a jarka, in kawo motar. Na ce motar ba ta zuwa sai da mai. Aka ce wannan matsalata ce. Muka kwance tankin muka ɗora a baro, muka shiga layin manyan motoci, muka yi yini biyu muna turawa tsakanin tirela da tifa. Da muka iso famfo, mai zuba man ya kira manaja, suka yi shawara, suka yanke cewa tanki kusan mota ne.

To, mu koma ga mai jaka.

"Wa ya ba ku izinin motsa katangar nan?" in ji shi.

"Wace katanga, ranka ya daɗe?"

Ya buɗe fayil. Ga hoton motar Kawu, an shafa mata shuɗin fenti ta gefen da ke kallon titi, a ƙasa an rubuta: Katangar Tare Ambaliya, Kashi na Ɗaya, An Kammala.

Sai na tuna. Shekara shida da suka wuce an zo layinmu da rumfa da kujeru da lasifika. Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ba ya wuce ƙyalle a ɗaure bai yanka ba, ya yi jawabi kan ambaliya. Mun ɗauka alkawarin gina katanga ya zo yi, an shafa wa motar fenti ne don kada ta ɓata hoto. Ina cikin waɗanda suka tafa. Ina cikin hoton ma, na biyu daga hagu, ina murmushi.

Tela maƙwabcinmu ya leƙo ta tagarsa ya ce, "Ai tun ranar na ce maka wannan fentin ba na Allah da Annabi ba ne."

"Ba ka faɗa ba."

"Na faɗa a zuciyata."

Kawu ya leƙo daga kan kujerar aski, ya dubi inda yake zaton mai jaka yake, ya ce, "Ɗana, katangar taku giya biyar gare ta, har da ribas."

"Baba, ni abin da ke cikin fayil na sani."

A nan dole in yi adalci. A duk ayyukan da aka ƙaddamar a unguwarmu, wannan kaɗai ne bai tsage ba. Famfon da aka buɗe mana ya ba da ruwa na minti arba'in, daidai tsawon jawabi. Motar Kawu kuwa damina goma sha tara tana tare ruwa, sha uku daga ciki a matsayin sa kai. Duk wanda ya gano cewa aikin da ya fi ƙarko shi ne wanda aka tarar a wurin, ya cancanci a ƙara masa kujera.

Washegari na tafi ofishin masu tare ruwa. Bayan benci uku aka shigar da ni wurin Ranka Ya Daɗe Mataimakin Mai Riƙon Ƙwarya, mutum mai fara'a da na'urar sanyi biyu. Ya duba takarda.

"Nan an rubuta katangar mita arba'in ce."

"Motar mita tara ce, yallaɓai."

Ya cire tabarau ya dube ni da kyau. "Ina sauran talatin da ɗayan?"

Na rantse ban gan su ba. Bai nuna ya yarda ba, amma ya yi mini alfarma. Ya ce doka ba ta hana ɗan ƙasa aron katanga ba, muddin injiniya ya sa hannu. Injiniyan yana ƙasar waje yana kwas kan katangu. In kuma muna sauri, sai mu kawo wata katangar mu ajiye a gurbin kafin mu je gada mu dawo.

Na dawo gida na tarar da wata takarda manne a gilashin motar. Wannan daga ofishin masu share hanya ne. Taku goma sha ɗayan nan sun sa hancin motar ya shigo titi, don haka ta zama tarkacen da ya tare hanya, a ɗauke ta cikin kwana biyar ko a janye ta. Mota ɗaya, ofishi ɗaya ya ce katanga ce kada ta motsa, ɗayan ya ce shara ce kada ta kwana. Kawu ya sa na karanta masa duka biyun, ya ce shi dai bai taɓa samun wasiƙa biyu daga gwamnati a mako ɗaya ba.

Ranar Litinin janwe, motar janye motoci, ya iso, abin da ya ba kowa mamaki, don ba mu san ofishin na da mota mai tafiya ba. Direban ya zaga ya yi baya baya don ya ɗaure ta ta baya, ya shiga daidai gurbin da motar Kawu ta bari a bakin kwari. Janwe ya yi tari sau uku. Kawu, da ya san wannan tarin, ya ce, "Allah ya jiƙan rai."

Ban tsaya sa takalmi sosai ba na koma wurin Mataimakin Mai Riƙon Ƙwarya. "Yallaɓai, an samu katanga. Ta gwamnati ce ma tun asali."

Aka turo mai jaka da tef. Ya auna sau biyu. Janwe mita bakwai ne. An kafa kwamiti da zai duba ko bakwai za ta iya tsayawa a madadin taran da ta tsaya a madadin arba'in. Kwamitin zai zauna ranar biyu ga watan gobe, in an samu man janareto.

Direban janwe yana ta bin Sifana ya taimaka ya duba masa injin. Ni kuma ina bin Sifana ta ɗaya gefen ina roƙonsa ya ce hannunsa na ciwo. Kawu yana hawa kujerar aski kowace safiya, ya tada motar, ya saurare ta minti biyar, ya kashe don kada man baro ya ƙare. Ya ce gadar yana iya zuwa ido rufe. Na roƙe shi kada ya maimaita wannan magana a gaban mai jaka.

Saura kwana tara lasin ya ƙare. Jiya da hantsi tela ya ga mutum biyu suna zagaya janwe da bokitin shuɗin fenti, na uku yana tambayar inda za a kafa rumfa.