Rasuwar Ashirin, Mai Shaidar Zur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, Injiniya mai na'urar buga kayan roba yana sanar da rasuwar Ashirin, ɗan dunƙulen gwajinsa, wanda ya cika ranar Talata bayan gajeriyar jinya a ƙarƙashin guduma.

An haifi marigayin shekara uku da suka wuce, ranar da aka kafa na'urar a kusurwar shagon surukin Injiniya, mai gyaran famfon ruwa. Girmansa bai wuce dunƙulen sukari ba. Aikinsa ɗaya: a auna shi, in kowane gefe ya ba da milimita ashirin cif, to na'ura lafiyarta lau. Ya kuwa bayar. Maimakon a riƙa buga sabo lokaci-lokaci kamar yadda masu hankali ke yi, sai Injiniya ya ɗora shi kan kanta, yana goge masa ƙura da haɓar riga. Duk wanda ya yi shakkar aiki, sai a dire masa marigayin a tebur, ƙwas! a miƙa masa ma'auni.

Mutumin banza! Bel ɗin da ke jan kan na'ura ya saki a gaban idonsa. Yana nan zaune, fes da shi, yana ba da shaidar lafiyar da ta daɗe da ƙarewa.

Ciwon ajali ya kama shi ne da suruki ya ba da aikin zobban famfo guda arba'in. Ramukan suka fito kamar ƙwai. Injiniya ya ga haka, amma ya auna Ashirin, hankalinsa ya kwanta. Aka ɗaura zobban a gidajen mutane, ruwa ya yi ta tsiyaya, har da ɗakin wata amarya. Suruki, dattijon da ya shekara talatin ba a taɓa dawo masa da aiki ba, ya wuni yana ba da haƙuri ƙofa-ƙofa. Da ya dawo, Injiniya, don tsabar rashin kunya, ya sake dire masa marigayin. Guduma kuwa tana kusa da hannun suruki. Maganar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙaras!

Ya bar 'yan'uwansa na gwaji da na'urar ta buga: ɗan jirgin ruwa mai karkataccen hanci, da 'yar gada da ta lotsa tun ranar haihuwarta, dukkansu maƙaryata irinsa.

Za a binne shi gobe da safe a kwandon shara na bayan shago. Ba a roƙi kowa addu'a ba. Zaman makoki a bakin titi ne, don suruki ya karɓe makullinsa, uwargidan Injiniya kuma ta ce na'urar da ta kunyata ubanta ba za ta shiga mata falo ba. Duk mai zuwa ta'aziyya da mota, don Allah ya zo da igiya, akwai kayan da za a ɗauka, sai dai har yanzu ba a san inda za a kai su ba.