Rasuwar Mai Doro, Talabijin ɗin Falon Hedimasta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tambayoyin da har yau ba a amsa ba, Hedimasta mai ritaya, a madadin kansa da iyalansa, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar talabijin ɗin falonsa, wadda aka fi sani da Mai Doro. Ta rasu ranar Talata da ƙarfe shida saura kwata na yamma, tana da shekara ashirin da shida, ana tsakiyar fim, daidai lokacin da ɗan sanda ya buɗe baki zai faɗi wanda ya yi kisan. Iyalai sun ce ajali ne. Hedimasta ya ji su.

Marigayiya ta shigo gidan ne a bayan motar haya. Ƙarti uku suka ɗauko ta, ɗaya ya yi mako bai miƙe daidai ba. Aka ɗora ta a kan teburin da ke kusurwar falo, ba ta sake motsawa ba. A gabanta fanka huɗu suka zo suka wuce, da firji biyu, da dutsen guga ba adadi. Ita ko tari ba ta yi ba sai da ta haura shekara ashirin.

An shaide ta da kamun kai. Ba ta taɓa neman lambar sirri ba. Ba ta taɓa cewa a jira ta ta sabunta kanta ba. Ba ta san sunan kowa ba, kuma ba ta kai wa wani kamfani rahoton abin da ake kallo a gidan. Maɓallanta bakwai ne, kowanne da aikinsa ɗaya. Idan an kunna ta sai ta ce "tum", ta yi shiru kamar dattijuwar da ke auna magana, sannan ta ce "tsiii", murya ta riga hoto isowa. Idan an kashe ta sai ta ce "ɓus", ta bar ɗigon haske a tsakiyar gilashi, ya ɗan jima kafin ya tafi.

Babban aikinta shi ne ƙarfe biyar da rabi. Gidan bene ne. Hedimasta da matarsa, Mama, da 'yarsu Auta suna ƙasa. Babban ɗansu, wanda ake kira Injiniya tun ranar da ya canza fis ɗin soket, alhali kayan waya yake sayarwa, yana sama da matarsa Nas. Tsakanin ƙasa da sama matakala goma sha bakwai ne, kuma gwiwar Hedimasta ta yi sallama da su shekara huɗu da suka wuce. Kowa a gidan yana da waya, kowa yana da ƙofar da yake rufewa. Lokaci ɗaya ne a yini mutum biyar ɗin nan suke zama a ɗaki ɗaya, wato idan Mai Doro ta ce "tum". Hedimasta bai taɓa yaudarar kansa cewa don shi ake saukowa ba. Ana dai saukowa, wannan ya ishe shi.

Ba kallo ake yi ba, shari'a ake yi. Hedimasta yana ba kowane fim maki bisa goma, kuma bai taɓa wuce shida ba. Mama ba ta yarda da duk wanda ya yi murmushi a minti goman farko: "Wancan mai haƙoran, ku sa masa ido." Auta, wadda ba a ganinta babu littafi a hannu, cewa take a littafi ba haka aka yi ba, ko da fim ɗin ba daga littafi aka ciro shi ba. Nas tana jiran a shiga asibiti ta ce ruwan da aka ɗaura wa majinyacin a rufe yake. Injiniya shi kaɗai ne ba ya kallon fim, talabijin ɗin yake kallo. "Baba, mutumin nan fa ba kore ba ne. Wallahi a zahiri ba kore ba ne."

Gaskiya ne a shekaru ukun ƙarshe marigayiya ta yi fama da larura. Fuskoki sun koma kore, kawuna sun ƙara tsawo, mai karanta labarai ya zama kamar an ja shi da igiya. Wata rana hoto yakan tsere, sai an ba ta magani: mari biyu a kunnen hagu, ɗaya a ka, kuma Hedimasta kaɗai ke da izinin bayarwa. Amma larura daban, ciwon ajali daban. Da safiyar Talatar ta karanta labarai garau. Da yamma ta ce "tas-tas", wari ya tashi kamar an ƙona roba, hayaƙi siriri ya fito ta bayanta, ta ce "ɓus". Wannan karon ko ɗigon hasken ba ta bari ba.

Ta rasu ta bar rimot ɗinta, wanda har yau yana cikin ledarsa ta asali, naɗe da salatif. Ta bar eriya a kan rufi, wadda ba a gaya mata ba tukuna. Ta bar dikoda, wanda bai nuna wani alhini ba, fitilarsa na nan tana ci kamar ba a yi komai ba. Ta bar ƙyallen rufinta da Mama ta saƙa, da tebur mai ɗauke da sawun ƙafafunta huɗu. Akwai wata siririyar talabijin da Injiniya ya rataye a bangon ɗakinsa na sama wata takwas da suka wuce. Ba a lissafa ta cikin dangi ba. Abin da aka lissafa shi ne, tun zuwanta Injiniya ya fara fashin Litinin, Nas ta fara ciwon kai ranar Alhamis.

Ranar Laraba ba wanda ya shigo falo. Ranar Alhamis Mama ta zauna minti goma, ta ce ta bar tukunya a wuta, ba ta dawo ba. Ranar Juma'a Hedimasta ya zauna shi kaɗai a kujerarsa yana jin dariya tana saukowa ta silin, ya ware muryoyi huɗu, har da ta Mama. Ranar Asabar ya aika aka kira Mai Gyara.

Mai Gyara ya shimfiɗa tsohuwar jarida a tsakar falo, ya kwance bayan marigayiya, ya haska tocila. Ya fito da ƙura cikin tafi biyu, da busasshiyar tsaka, da maɓallin riga, da haƙorin mataji. Sannan ya shafa wani wuri da yatsa ya shinshina.

"Ranka ya daɗe, wannan ba tsufa ba ne. Ruwa ta sha."

"Ruwa?"

"Ta sama ya shiga, ta ramukan iska. Wa ke ba ta ruwa a gidan nan?"

Amsar tambayar nan ta yi yawa. Doron marigayiya yana da faɗi, yana da ɗumi, kuma shekara da shekaru gidan ya mayar da shi wurin shanya na gaggawa. Mama tana baza tawul ɗin kicin. Nas tana baza farar safar aiki. Injiniya ya taɓa kwantar da wayarsa da ta faɗa kwata. Hedimasta kansa yana ɗora hularsa, sai dai ya ce shi yana matsewa sosai, kuma ba a bincikar mai bincike. Mai Gyara ya nemi a ba shi gawar tun kafin ya mayar da notuka, ya ce akwai abin da zai cira. Hedimasta ya sa shi cikin waɗanda ake zargi, ya sallame shi.

Washegari aka buɗe zaman bincike. Ƙarfe biyar da rabi, a falo, kowa a mazauninsa, wayoyi a cikin kwando a bakin ƙofa. Hedimasta ya yi shekara talatin yana gano wanda ya fasa tagar aji, ya san ba a gaggawa.

Injiniya aka fara kira, ya zo da tayi. "Baba, a bar wannan wahalar. Gobe-goben nan in kawo maka sabuwa, a rataye a nan."

"Yaushe ka auna bangon?"

"Ban auna ba."

"Inci nawa zai ɗauka?"

"Hamsin da biyar."

Mama ta gyara zama. "Ni tun ranar da ya shigo da kwalin nan yana murmushi na ce ku sa masa ido."

"Haba Mama, ni ne fa ɗanki."

"Shi ya sa na san ka."

Ba a karɓi tayin ba. Hedimasta ya taɓa ganin irin siririyar a gidan maƙwabcinsa: tana ta aiki a bango ita kaɗai, kawuna shida a sunkuye a kan wayoyi, ba wanda ya san wa aka kashe. Fim mai hoto garau ba ya barin abin musu.

Nas ta ba da shaida ranar Litinin, a tsaye, da ladabi. "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, mu a asibiti mai shekarunta ba ma tambayar me ya kashe shi."

"Shi ya sa ba na zuwa asibitinku. Safa nawa gare ki?"

Zaman Litinin ya kai awa biyu. Na Talata ya fi, don Mama ta tono maganar firji na farko da wanda ya fasa ƙanƙararsa da wuƙa, abin da aka rufe tun Injiniya yana saurayi. Ba fim ɗin da ya taɓa riƙe su haka. Ba wanda ya yi fashi, ba wanda kansa ya yi ciwo.

Da safiyar Alhamis Auta ta same shi a falo kafin ta tafi shagon maganin da take aiki. Ta durƙusa gefen kujera, jaka a kafaɗa.

"Baba, ni ce."

Ta faɗi komai, ba ta rage ba. Littafin soyayya ne na abokiyar aikinta, shafi ɗari huɗu, tana karantawa tana wanki ya faɗa bokiti. Ta kife shi a kan doron da ƙarfe biyar na Talatar, yana ɗiga, ta ja ƙyallen Mama ta rufe shi, don ta san ra'ayin Baba a kan irin littattafan.

Hedimasta ya juya ya kalli gawar.

"Littafin ya bushe?"

"Ya bushe."

"Maki nawa kika ba shi?"

"Uku. Ƙarshen shirme ne."

"Shekara ashirin da shida ta tafi a kan maki uku." Ya cire tabarau ya goge. "Ban karɓa ba. Wanda ya amsa laifi tun ba a matsa shi ba, wani yake rufa wa asiri."

"Wa zan rufa wa, Baba?"

"Shi za mu gano."

Auta ta dube shi, ta dubi kujerun da babu kowa a kai. "Baba, ko ba bincike zan riƙa zama."

"Haka 'yan ajin ƙarshe suke cewa ranar sallama. Tashi kada ki makara. Biyar da rabi."

Da yamma ta maimaita ikirarin a gaban kowa, har ta kawo littafin, ya kumbura kamar burodi. Aka sake yin watsi da shi. Injiniya ya buɗe baki zai ce ai shi ya fita kenan, Nas ta taka masa ƙafa, ya rufe. Hedimasta ya ga takun. Ya ce wannan sabuwar shaida ce, za a saurare ta mako mai zuwa.

Dangane da jana'iza, ana sanar da jama'a kamar haka. Gawa tana nan a kan teburinta, a rufe da ƙyallenta. Ana karɓar gaisuwa kullum daga ƙarfe biyar da rabi na yamma, kuma mai zuwa ya ajiye wayarsa a kwando. Ba a neman a roƙa mata gafara, ba ta da hisabi, masu hisabin suna zaune a falo. Kada a ɗora komai a kanta, ta yi sanyi, ba ta busar da komai. Duk wanda ya zo da shawarar sabuwa, ko ya tsaya yana ƙare wa bango kallo, za a ba shi kujera ya ba da shaida. Ana roƙon Mai Gyara ya daina wucewa ta ƙofar gidan.

Za a kai ta makwancinta a ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin matakala, kuma Injiniya ne zai ɗauki gefen da ya fi nauyi. Za a sanar da rana idan an kammala bincike. Gobe Mama ce za ta ba da shaida, ta ce tana da magana a kan kowa, an ware mata kwana uku. Hedimasta yana da shekara saba'in da huɗu, likita ya ce zuciyarsa lafiya lau take, kuma a tsawon aikinsa bai taɓa rufe bincike don gajiya ba.