Nasihar Ilu Mai Goro

Wani mutum ne a Funtua, ana ce masa Ilu Mai Goro. Kai, Allah ya yi wa bawan nan baki! In ana hira a majalisarsu ta gindin dalbejiya, ba labarin da za a kawo Ilu bai ce da shi aka yi ba. Kujera ɗaya ce mai majingina a wurin, sauran duk benci, kuma kuri ne ya ɗora shi a kanta, ba shekaru ba.

To, akwai wani matashi ɗan unguwar, Ustaz Mujittafa, da ya yi suna da wa'azi a TikTok. In ya fara maganar kwanciyar kabari, har tsofaffi sai sun share hawaye. 'Yan majalisa suka ɗauke shi tamkar ɗan cikinsu. Tasi'u tela ma saboda shi ya sayi babbar waya. Ilu kuwa kullum sai ya bugi cinya ya ce, "Ni na koya masa alwala. A kan cinyar nan ya haddace Ƙulhuwallahu."

Ana nan sai Ustaz ya koma Abuja. Rawani ne ya fara tafiya, aka ce zafin gari ne. Gemu ya soma raguwa, aka ce kuskuren wanzami ne. Ranar da sunan ya koma Muji Gayu, aka gan shi yana tallan takalma yana karkaɗa kafaɗa, kiɗa na tashi a bayansa, sai uzuri ya ƙare. Jikin kowa ya yi sanyi. Tasi'u ya ce wallahi ji yake kamar an yi masa rasuwa.

Ilu ya ja dogon tsaki. "Ku dai kun cika jimami. Yaron da in na zare masa ido sai ya nemi wurin ɓuya? Gobe zan hau mota. In ban dawo da shi kan hanya ba, ku ɗauke kujerar nan ku ba wanda kuka ga dama, ni in koma benci."

"Mun ji, mun shaida," in ji Malam Sama'ila ladan.

Ilu ya kama hanya da nasiha fal bakinsa, tun a mota yake bitar ta. Yana isa sai Muji ya zube ƙasa. "Baba Ilu! Yau ni ke da babban baƙo!" Kafin ya buɗe baki an dire masa gasasshiyar kaza. Ilu ya ce a ransa, ai ba a yi wa mutum faɗa da abincinsa a baki, bari a gama. Aka gama, aka kawo fura mai sanyi. Iskar ɗakin ta ratsa shi, barci ya yi awon gaba da shi.

Da ya farka Muji ya ce ana ɗan wani aiki a falo, ko Baba zai zo ya sa albarka? Ilu ya leƙa, ya ga fitilu da kyamara. Ya rage murya.

"Wannan, 'yan Funtua za su gani?"

"Haba Baba! Na mutanen ƙasar waje ne."

"To, madalla."

Ilu ya dawo gida yana hura hanci. "Na wanke shi tas! Kuka yake, majina shaɓe-shaɓe, ya riƙe ƙafata yana cewa Baba ka yafe mini. Ku zuba ido, bidiyon da zai saki nan gaba na tuba ne." Tasi'u, bawan Allah, har da rungume shi don murna.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ilu ya ci ado ya hakimce a kujerarsa, sai Tasi'u ya yi zumbur da waya a hannu. "Ya saki! Ga na tuban nan!" Kowa ya taso, kawuna suka haɗu. Malam Sama'ila ya ce a yi bisimilla tukuna.

Kiɗa ne ya fara tashi. Dum! Dum! Sai ga Muji yana juyi. Can sai wani dattijo ya faɗo daga gefe, ya toshe ido da baƙin tabarau, ya tattare babbar riga har gwiwa, ƙafarsa sanye da sau-ciki ruwan ɗorawa. Ƙwas! Ƙwas! Yana takawa yana girgiza. Ya ɗaga ƙafa saitin kyamara ya ce, "Ni Baba Ilu na Funtua, tun da uwata ta haife ni ban taɓa taka irinsa ba!"

Kowa ya juyo ya zuba masa ido. Gumi ya karyo wa Ilu.

"Sharri ne!" ya ce. "Haɗin kwamfuta ne! Ai yanzu ba abin da ba sa haɗawa. Sai su cire kan mutum su ɗora a jikin wani."

Malam Sama'ila ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ne, zamani ya lalace." Sai ya sa sandarsa ya ɗage bakin rigar Ilu. Ga sau-ciki nan ruwan ɗorawa, sai walƙiya yake.

"Ikon Allah!" in ji Malam. "Ashe kwamfutar har takalmi take sa wa mutum a ƙafa. To Ilu, taso mana daga kujerar nan. Amma a hankali, kada ka ɓata musu kayan talla."